Sabwufa a ƙarƙashin kujera: daga ina zan ɗauko wuta, ta ina waya za ta bi?

Sadiq_09: Assalamu alaikum 'yan uwa. Na sayi ƙaramin sabwufa, wato lasifikar bes mai fitar da sauti mai kauri, irin wanda ake turawa ƙarƙashin kujera, mai inci 8, amfilifayarsa (na'urar ƙara ƙarfin sauti) a cikinsa take. So nake in haɗa da kaina. Takardar da ta zo da shi ta ce a ja jar waya tun daga batir, ni kuwa da na leƙa ƙarƙashin kujerar mai zaman gaba sai na ga wayoyi da soket-soket a wurin, ga kuma soket ɗin kunna sigari nan kusa. Me zai hana in ɗauko wuta daga ɗayansu in huta da ratsa bangon inji? Na biyu, baƙar wayar ta negatib zan iya ɗaure ta a notin kujera? Na uku, rediyon motar ta kamfani ce, babu ramin RCA a bayanta, wato inda ake jona wayar da ke kai sauti zuwa sabwufa. Masana a taimaka.

BabaRewaya: Wa alaikumus salam. Sadiq, kafin komai, cire hannunka daga wayoyin ƙarƙashin kujerar nan. Duk soket ɗin da ka ga ruwan ɗorawa ne, na jakar iska ne da na'urar da ke ƙanƙame bel idan an yi karo. Sauran kuma na gane ko akwai mutum a kan kujera ne, ko na bel, ko na injin matsar da kujera. Babu wadda aka ajiye maka a wurin. Ko fitilar gwajin wuta kada ka soka musu.

Wuta daga batir ake ɗauko ta, takardarka ba ta yi ƙarya ba. Fis ɗinka ya zauna dab da batir, kada ya wuce santimita 45 daga kan batirin, in ya fi haka kusa ma ya fi.

DanAuta88: Baba da girmanka, amma ni nawa daga soket ɗin sigari na ɗauka, har yau lafiya lau yake bugawa.

BabaRewaya: Ɗan'auta, ka taɓa taɓa wayar bayan ka yi tafiya mai nisa da kiɗa a sama? Taɓa ka dawo ka ba mu labari.

Injiniya_MK: Bari in sa lissafi a maganar don kada ta zama ta girma da ƙuruciya. Sadiq, juya sabwufar ka duba fis ɗin da ke jikinsa. Shi ne ke faɗa maka gaskiyar abin da yake ci, ba rubutun kwali ba. Idan amf 10 ne, to a kan volt 14.4 da altaneta ke bayarwa, iyakar abin da zai iya ja wat 144 ne, ko da kwalin ya ce wat 1000. Idan amf 25 ne, wat 360 ke nan.

Soket ɗin sigari a yawancin motoci fis ɗinsa tsakanin amf 10 da 20 yake, wayarsa siririya ce, kuma sau da yawa ba shi kaɗai ne a kan layin ba. Waya mai geji 16 (geji shi ne ma'aunin kaurin waya) idan ta yi tsawon mita 4 tana ɗauke da amf 15, wajen volt 0.8 ke zubewa a hanya, ya zama zafi a jikin wayar. Mai geji 10 a wannan tsawon da wannan nauyin, wajen volt 0.2 kawai za ta zubar. Shi ya sa na Ɗan'auta bai ƙone ba tukuna: mai yiwuwa ƙarami ne, kuma bes ba ya jan wuta a tsaye, fizga yake yi ya saki. Amma rashin ƙonewa daban, aiki yadda ya kamata daban.

DanAuta88: To ai ka faɗa da bakinka, ƙarami ne. Amf 10 ne fis ɗinsa. Me ya kai ni huda mota?

Injiniya_MK: Ba wanda ya ce a huda mota. Akwai hanya a shirye.

Sadiq_09: Na duba, Injiniya. Fis ɗaya ne a jikinsa, amf 20. To wace hanya ce a shirye? Nan ne tsorona yake.

Mustapha_Garej: Amf 20 kam manta da soket ɗin sigari. Ga yadda nake yi. Buɗe bonet, ka duba bangon ƙarfen da ya raba inji da cikin mota. Za ka ga inda babban ƙunshin wayoyin motar ya shige ta cikin wata roba mai faɗi. Galibi robar tana da wani ɗan nono a gefe wanda ba a yi amfani da shi ba. Yanke kansa kaɗan, ka tura waya mai tauri irin ta rataya riga daga cikin mota, ka ɗaure jar wayarka a bakinta da baƙin tef sosai, ka shafa ɗan ruwan sabulu, ka ja a hankali. Ka kauce wa tsakiyar ƙunshin, domin in ka soki wayar mota guda ɗaya a can ciki, nemanta sai ya fi haɗa sabwufar wahala sau goma.

Idan motarka otomatik ce, leƙa ta saman inda kulocin zai kasance da manuwal ce. Wasu motocin akwai murfin roba a wurin wanda ba komai a bayansa.

Abin da ba a yi: kada waya ta ratsa ramin ƙarfe tsirara ba roba. Mota girgiza take yi kullum, bakin ƙarfe zai ci rigar wayar a hankali har ya kai ga jan ƙarfen. Kuma kada ka bi da ita ta tsakanin ƙofa da bodi, na sha ganin wannan. A cikin ɗakin inji ka sa ta cikin bututun roba mai tsaga, ka nisanta ta da salansa da duk abin da ke juyawa.

Ummu_Hanan: Ina bin zaren nan shiru saboda abin da ya faru da motata. Wani mai rewaya ne ya haɗa min, ya sa fis ɗin a ƙarƙashin kujera kusa da sabwufar, wai don in ya ƙone in canza ba sai na buɗe bonet ba. Ni kuma na ga kamar dabara ce. Wata rana ina tuƙi sai warin roba, hayaƙi na fitowa ta gefen ƙafata ta ƙarƙashin kafet. Allah ya taimaka na tsaya, wani bawan Allah ya cire kan batir. Da aka ɗaga kafet, wayar ta narke tun daga bangon inji har inda ta gogi ƙarfe, fis ɗin kuwa yana nan garau, ko ɗumi bai yi ba.

BabaRewaya: Allah ya kiyaye gaba, Hajiya. Abin da mutane ba su gane ba ke nan. Fis ɗin jikin sabwufa shi ke kare sabwufa. Fis ɗin kan batir waya yake karewa, wato motar gaba ɗaya. Duk tsawon wayar da ke tsakanin batir da fis ba shi da mai gadi. Shi ya sa ake so tsawon nan ya zama ɗan kaɗan. Kuma girman fis ɗin da kaurin waya ake aunawa, kada ya fi abin da wayar za ta iya ɗauka.

Sadiq_09: Subhanallah. Hajiya sannu. Na fasa gajeriyar hanya. To geji nawa zan saya?

Injiniya_MK: Geji 10 na jan ƙarfe zalla ya ishe ka, da fis amf 25 ko 30 a kan batir. In kana tunanin ƙara amfilifaya nan gaba, ja geji 8 tun yanzu don kada ka sake ɗaga kafet. Ka tuna lambar geji in ta ragu, kaurin waya ƙaruwa yake. Sannan ka lura da rubutun da ke jikinta. OFC jan ƙarfe ne zalla. CCA alminiyam ne aka yi masa rigar jan ƙarfe, kuma alminiyam kusan kashi 61 cikin ɗari na abin da jan ƙarfe ke ɗauka yake iya ɗauka. Kankare bakin silin da wuƙa, in ka ga fari a ciki to CCA ce. Wasu kuma robar ce mai kauri, silin ciki ɗan tsurut.

Kb_Sound: Ni ban yarda a riƙa tsorata mutane da CCA ba. Na yi aiki da ita sosai. Ka ɗauki wadda ta fi kauri kawai, kamar geji 8 maimakon 10, ka matse bakinta da kyau, ka rufe kada danshi ya shiga. Shi ke nan.

Mustapha_Garej: Kb, «kada danshi ya shiga» a kan batir? Wurin da ke fitar da farin gari da kansa? Buɗe wadda ka haɗa bara ka gani.

Kb_Sound: Na buɗe, Oga. Man girisi kaɗan a bakin yana maganin wannan.

Nura_Civic: Kun bar tambayarsa ta biyu. Notin kujera fa? Ni a nan nawa yake.

BabaRewaya: Mutane da yawa a nan suke sawa, kuma wani lokaci yana yi. Ni ba na sawa. Ƙafar kujera fenti ne a jikinta, ƙasan ma fenti ne, zaren notin kuma sau da yawa akwai gam na hana kwancewa. Wuta sai ta lallaba take wucewa. Bayan haka, notin nan shi ke riƙe da kai da kujerarka ranar hatsari, an ɗaure shi da ƙarfin da aka auna. Ba na son cusa komai a ƙarƙashinsa. Na bel kuwa kada ma ka kalle shi.

Ɗaga kafet kusa da kujerar, za ka iya samun inda kamfani da kansa ya ɗaure baƙaƙen wayoyi a bodi, ko wani ƙaramin noti a kan ƙarfen da aka yi wa walda da bodin. Goge fenti da sanfefa har ƙarfe ya yi ƙyalli, faɗin kan yatsa biyu. Sa zobe a bakin wayar, ka matse shi da abin matsewa, ba murɗawa da hannu ba. Ɗaure tamau, sannan ka shafa girisi ko fenti a sama saboda tsatsa. Baƙar waya kaurinta ɗaya da ja, kuma gajeriya, ƙasa da rabin mita.

Nura_Civic: To Baba ni da nawa ba ya ƙara, ba ya komai, in cire?

Injiniya_MK: Nura, sa mita ka gani. Kunna kiɗa da ƙarfi, ka auna volt tsakanin GND na jikin sabwufar, wato inda baƙar waya ke shiga, da kan batir na negatib. In abin da ka gani bai kai rabin volt ba sosai, hanyar na aiki. Maganar Baba ta tsaron kujera kuma tana nan daram, mita ba ta auna wannan.

Wani abu kuma ga masu sababbin motoci, musamman masu kashe inji da kansu a danja: akwai ƙaramar na'ura a kan batir na negatib da ke ƙirga wutar da ke shiga da fita. Kada ka ɗaura baƙar waya kai tsaye a kan batirin ta tsallake na'urar, lissafin cajin motar zai rikice. A bodi ake ɗaurawa.

Zee_Auto: Tambaya a gefe, ku yi haƙuri. Ni fa ban ga amfanin waɗannan 'yan ƙananan ba. In bes kake so ka sa akwati mai inci 12 a but ka ji ƙirjinka na rawa. Wannan tausa kawai yake yi wa mai zaune a kai.

Ummu_Hanan: Wanda ke saka keken yara da kaya a but ɗin fa? Ba kowa ke son maƙwabta su san ya dawo ba.

Kb_Sound: Zee ya yi gaskiya ta wani ɓangaren. Akwatin da tsayinsa santimita 7 ko 8 ne ba shi da iskar da zai sauka can ƙasa kamar babban akwati. Aikinsa ya cike gurbin da lasifikokin ƙofa suka gaza, ganga ta yi nauyi, muryar mai waƙa ta daina zama sama-sama. Wanda ya saye shi don girgiza gilashi zai murɗe komai zuwa ƙarshe, ya ƙone shi, ya ce kayan banza ne.

Sadiq_09: Ni cikon nan nake nema kawai. Saura maganar RCA. Kuma akwai wata shuɗiyar waya siririya da aka rubuta REM, ina za ta?

Kb_Sound: Duba gefen sabwufar, kusan dukkansu suna da wani ƙaramin soket da aka rubuta HIGH LEVEL ko HI INPUT. Da shi ake ɗaukar sauti daga wayoyin lasifika kai tsaye, ba sai da RCA ba. Wayoyin lasifikar baya galibi ta ƙarƙashin robar dokin ƙofa suke bi ko cikin ginshiƙin da ke tsakanin ƙofofi, a murɗe biyu-biyu. Kada ka yanke su, ka feɗe rigar kaɗan ka jona, ka yi sodar ko ka matse, ka naɗe. Ɗauki hagu da dama duka, kuma ka tabbatar da wacce ce fositib a kowane gefe. In ka juya gefe ɗaya, sautin hagu da na dama za su cinye juna, ka ji bes ya ɓace kana zargin sabwufar.

REM kuwa ita ke ce masa ya tashi idan an kunna rediyo. Da yawa in ka shiga ta HIGH LEVEL da kansu suke tashi in sun ji sauti, duba ko akwai maɓallin AUTO. In babu, nemi layin da ke samun wuta sai an murɗa makulli kawai, a akwatin fis.

Mustapha_Garej: Ƙari ga masu rediyon da aka canza: shuɗiya mai farin layi ita ce REM. Shuɗiya zalla ta eriya ce, a wasu rediyoyin sai kana kan FM take ba da wuta. Ka koma Bluetooth ka ji sabwufa ya mutu, ka yi ta neman abin da bai ɓata ba. Kuma kada wanda ya haɗa REM da jar waya don sauƙi. Sabwufar zai kwana a kunne, da safe batir ya kwanta.

DanAuta88: Ka ga amfanin soket ɗin sigari ke nan, da ka zare makulli komai ya mutu.

Nura_Civic: Ba a kowace mota ba, Ɗan'auta. Wasu soket ɗinsu da wuta ko da makulli na aljihunka.

Malam_Habu: Ni tsohon hannu ne a wannan, tun zamanin kaset. Abin da aka koya mana: jar waya ta bi gefe ɗaya na mota, wayar sauti ta bi ɗaya gefen, in dole su haɗu to su gitta juna kada su jera. Ban ga wanda ya faɗa ba.

Injiniya_MK: Malam, ba laifi ba ne, kuma in hanya ta ba da dama a yi. Amma ni a ganina an fi ɗora wa wannan laifin da ba nasa ba. Kukan nan mai tashi da totur, wanda ke yin sama in ka taka ya sauka in ka saki, mafi yawan lokaci daga baƙar waya yake, ko ta sabwufar ko ta rediyon, ko RCA mai rauni. Shi Sadiq ma ta wayar lasifika zai shiga, sautinta ya fi na RCA ƙarfi nesa, da wuya ya kwashi wannan kukan.

Malam_Habu: Da wuya ba ta hana faruwa, Injiniya. Ni dai na raba waya na ji kuka ya tafi, da kunnena.

Injiniya_MK: Ban musa ba, Malam. Sai dai wanda ya ɗaga kafet ya raba waya, yawanci ya sake ɗaure komai a hanya.

BabaRewaya: Ku bar wannan, ku gaya wa yaron yadda zai zaunar da abin. Sadiq, cire kan batir na negatib kafin ka fara komai, kuma fis ɗin kan batir shi ne abu na ƙarshe da za ka sa. In rediyonka mai neman lambar sirri ce bayan an cire batir, nemo lambar tukuna. In ka ga sai ka kwance kujera, to bayan cire batir ka jira 'yan mintoci kafin ka zare soket mai ruwan ɗorawa, kuma kada ka murɗa makulli yana zare, in ba haka ba fitilar jakar iska za ta kama, a motoci da yawa sai da kwamfuta ake kashe ta. Sau da yawa ma ba sai ka zare ba, kwance notuna huɗun ka kwantar da kujerar baya, aiki zai yiwu.

Kada ka ɗaure sabwufar da sukuru ta cikin ƙasan mota sai ka leƙa ƙarƙashi ka ga abin da ke wurin. Bututun mai da na burki ta nan suke bi, a wasu motocin ma tankin mai a ƙarƙashin kujerun gaba yake. Ni katako nake yankawa daidai girmansa, in ɗaure sabwufar a kai, in manna katakon da kafet da abin mannewa mai ƙaya-ƙaya. Ba ya motsi in an taka burki.

Mustapha_Garej: Sannan ka tura kujerar gaba har ƙarshe, ka dawo da ita baya har ƙarshe, ka sauke ta ƙasa in mai sauka ce, kana kallon ƙarƙashi da tocila. Ƙarfen da kujera ke gudu a kai yana yanke waya kamar almakashi. Ɗaure wayoyin a jikin abin da ba ya motsi, ka bar ɗan sassauci. Duba kuma bututun da ke hura iska zuwa ƙafar masu zaman baya, a ƙarƙashin kujerar gaba yake fitowa. Kada ka toshe shi, kada kuma ya riƙa hura wa sabwufar zafi, domin jikinsa na alminiyam shi ne abin da ke sanyaya amfilifayar. Mai motar haibirid kuma, duk waya mai ruwan lemo ba taka ba ce, kuma kada ka rufe ramin iskar batirinta.

Ummu_Hanan: Ku ƙara da masu zaman baya. Ƙafar yara tana kai wa maɓallan nan da wayoyin, nawa sau da yawa nakan tarar an murɗe. Na sa aka juya fuskarsa gefe. Kuma in ana wanke cikin mota a gaya wa mai wankin akwai abu a ƙarƙashi.

Sadiq_09: Alhamdulillah, na gama jiya. Robar da Oga Mustapha ya ce tana nan, har da ɗan nonon. Geji 8 na ja, fis a kan batir, baƙar waya a wani noti da na samu ƙarƙashin kafet bayan na goge fenti. Yana bugawa. Sai dai abu biyu. Bes ɗin kamar daga ƙarƙashina yake fitowa shi kaɗai, bai haɗu da sauran kiɗan ba. Sannan da inji a kunne, ko rediyo na can ƙasa, wani gurnani yake yi «wuuum», musamman in gilasai na rufe.

Kb_Sound: Na farkon saiti ne. Mayar da BASS BOOST sifili. Sa LPF, maɓallin da ke tace siririn sauti ya bar bes kawai, wajen 80, domin in ya haura 120 kunne zai fara gane inda sautin ke fitowa. GAIN kuma ba maɓallin ƙara murya ba ne, daidaita shi ake yi da ƙarfin abin da rediyo ke turowa: mayar da shi ƙasa, kai rediyo wajen kashi uku cikin huɗu, ka riƙa ƙarawa har bes ya cika, da ka ji ya fara ɓaci ka koma baya kaɗan. Sai ka zauna a kujerar direba wani ya riƙa juya maka PHASE tsakanin 0 da 180, ka bar shi inda ya fi cika.

Malam_Habu: Gurnanin kuwa, na ce a raba waya.

Injiniya_MK: Malam, kukan altaneta siriri ne kamar fito, wannan kuwa gurnani ya ce. Sadiq, duba rufin motarka ta ciki, ko akwai wasu 'yan ƙananan ramuka masu raga, ɗaya a gaba ɗaya wajen kujerar baya. Wasu motocin suna da makirfo da ke sauraron rugugin inji, sai rediyo ta fitar da kishiyar sautin ta lasifika don ta kashe shi. An auna tsarin da lasifikokin kamfani ne. Da ka jona sabwufa a layin, sai ya ƙara wa kishiyar sautin ƙarfi fiye da kima, makirfo ya ji, ya sake turowa, abu ya yi ta zagaye. Gwaji mai sauƙi: buɗe ƙofa ɗaya inji na aiki. A yawancin masu wannan tsarin, da an buɗe ƙofa yake tsayawa.

BabaRewaya: Ya gwada wannan, amma ya sake duba notin da ya ɗaura baƙar wayar. Ba kowane ƙarfe da ke ƙarƙashin kafet ne ke haɗe da bodi da walda ba, wani maƙala shi kawai aka yi.

DanAuta88: Nawa dai ba ya gurnani.

Sadiq_09: Na ga rami ɗaya mai raga kusa da fitilar rufi, amma ban sani ba ko na amsa kira ne. Da na buɗe ƙofa gurnanin ya ragu, bai ɗauke gaba ɗaya ba. Gobe zan ari mita in auna baƙar wayar kamar yadda Injiniya ya gaya wa Nura.

Injiniya_MK: Yi awon inji na aiki da kiɗa a sama. Ka kuma faɗo mana irin motar da shekararta, domin inda ake zare na'urar makirfon ya bambanta daga mota zuwa mota, kada ka je ka zare na amsa kira.